Haɗa ɗalibai masu aikin sa-kai da dattawa: shin yana inganta lafiya, kuma me ya kamata a kiyaye?

Tambaya: Wata malama da ke koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan jinya ta rubuto cewa ita da abokan aikinta suna shirin fito da wani tsari da za a haɗa kowane ɗalibi mai aikin sa-kai da dattijo ko dattijuwa guda, ya riƙa kai masa ziyara sau ɗaya a mako tsawon zangon karatu ɗaya. Tana so ta san ko akwai hujjar cewa irin wannan shiri yana inganta lafiyar tsofaffi, da kuma abin da ya kamata su lura da shi kafin su fara.

Amsa:

Malama, hujja dai akwai ta, kuma tana da ƙarfi a wasu fannoni fiye da wasu. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wasiƙarki shi ne inda kika ce "tsawon zangon karatu ɗaya", domin a nan ne mafi yawan shirye-shiryen irin wannan suke yin tuntuɓe, kuma a kansa zan fi daɗewa. Kafin nan, bari mu fara da dalilin da ya sa ziyara, wadda mutane suke ɗauka a matsayin zumunci kawai, ta shiga cikin maganar kiwon lafiya.

A shekarar 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara sakamakon bincike 148 da aka yi a kan mutane sama da 300,000, suka gano cewa waɗanda suke da dangantaka mai ƙarfi da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar ci gaba da rayuwa da kimanin kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bibiye su. A 2015 suka sake wani nazarin wanda ya nuna cewa jin kaɗaici yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 26 cikin 100, rashin cuɗanya da mutane kuma kashi 29. Ya kamata a karanta waɗannan alkaluma da hankali, saboda bincike ne na lura da mutane, kuma wani lokaci rashin lafiyar ce take fara zuwa sannan ta yanke mutum daga jama'a. Duk da haka, hanyoyin da kaɗaici yake bi ya taɓa jiki sanannu ne ga duk wanda ya yi aiki da tsofaffi. Wanda ba shi da abokin hira yakan rage cin abinci, yakan daina fita, barcinsa yakan rikice, ya manta da shan magani ko ya sha shi sau biyu, kuma idan ƙafarsa ta fara kumbura ko maganarsa ta fara sarƙewa babu wanda zai lura da wuri. Shi ya sa kwamitin masana na mujallar Lancet ya sanya keɓewa daga jama'a a cikin abubuwa 14 da ya lissafa a rahotonsa na 2024 waɗanda ake iya gyarawa domin rage haɗarin cutar mantuwa, tare da raunin ji, raunin gani, hawan jini da rashin motsa jiki.

Akwai bambancin da nake so ɗalibanki su fahimta tun daga ranar farko. Rashin mutane a kusa abu ɗaya ne, jin kaɗaici kuma wani abu ne daban. Dattijo yana iya zama a gidan da ya cika maƙil da 'ya'ya da jikoki, ana ba shi abinci a kan lokaci, ana wanke masa tufafi, amma a yi mako guda ba wanda ya zauna ya tambaye shi ra'ayinsa a kan komai. Wata kuma tana zaune ita kaɗai, ranta a sake, domin tana da ƙawaye biyu da take magana da su kullum. Idan kuka zaɓi waɗanda za ku ziyarta bisa ga wanda yake zaune shi kaɗai kawai, za ku tsallake mutane da yawa da suka fi buƙatarku.

Girman lamarin kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, sannan biliyan 2.1 a 2050. Birtaniya ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Kuma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, matasa kuma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wannan magana ta ƙarshe tana da muhimmanci gare ki, domin tana nufin wasu daga cikin ɗaliban da za ki tura su ma suna ɗauke da irin ciwon da za su je dubawa.

Yanzu ga binciken da nake so kowane mai shirin fara irin wannan aiki ya sani, ko da yake tsoho ne kuma ƙarami. A 1976 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Richard Schulz ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a wani gidan zaman tsofaffi a Amurka, da mutane kimanin 40. Ya raba su gida huɗu. Rukuni na farko ɗaliban jami'a suna ziyartarsu, kuma su tsofaffin ne suke faɗin ranar da za a zo da tsawon lokacin da za a zauna. Rukuni na biyu ba su da ikon zaɓa, amma ana sanar da su tun da wuri ranar da baƙon zai zo da daɗewar da zai yi. Rukuni na uku ana ziyartarsu ba zato ba tsammani, na huɗu kuma ba a ziyarce su ba sam. An daidaita yawan ziyarar da tsawonta a tsakanin rukunoni ukun farko, ta yadda bambancin da ke tsakaninsu bai wuce sanin lokaci da ikon zaɓa ba. Bayan wata biyu sai aka ga cewa rukunonin da suka san lokacin ziyara ko suke da iko a kanta sun fi sauran walwala da kuzari, kuma an ga lafiyarsu ta fi kyau, alhali waɗanda ake faɗo musu ba shiri ba su bambanta sosai da waɗanda ba a ziyarta ba. Wato zuwan ɗalibi kaɗai bai wadatar ba. Amfanin yana cikin mutum ya wayi gari ya san cewa ranar Laraba da yamma wani zai zo saboda shi, kuma idan ba ya jin daɗi yana da damar cewa a bari sai gobe.

Kashi na biyu na labarin shi ne wanda ba a cika ambata ba. Gwaji ya ƙare, ɗalibai suka koma harkokinsu. Schulz da Barbara Hanusa suka koma suka duba mutanen bayan wata 24, da 30, da 42, suka wallafa abin da suka gani a 1978. Waɗanda suka fi amfana a lokacin ziyarar su ne lafiyarsu da walwalarsu suka fi faɗuwa bayan an daina zuwa, yayin da waɗanda ba su samu wani ci gaba ba tun farko suka ci gaba da zama yadda suke. Mutanen ba su da yawa, don haka ba za a gina hukunci mai tsauri a kansu ba, kuma su kansu masu binciken sun gabatar da abin ne a matsayin gargaɗi game da haƙƙin mutanen da ake gwaji a kansu. Amma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta yi kwalliya ta zauna tana duban ƙofa a ranar da ɗalibarta ta saba zuwa, ba ta san cewa an yi hutu an tafi gida ba, ba zai yi mamakin wannan sakamako ba. Ɗalibi yana auna lokaci da zangon karatu, da jarrabawa, da hutu, shi kuwa dattijo ba shi da wannan kalandar. A wajen ɗalibi aiki ya kammala an ba da maki. A wajen dattijo wani mutum ne ya sake ɓacewa daga rayuwarsa, bayan abokai da 'yan'uwa da ya riga ya rasa. Saboda haka ina ganin duk makarantar da ba ta tsara yadda ziyarar za ta ƙare ba, ba ta gama shirin farawa ba.

Akwai wani gwaji na baya-bayan nan da yake ƙarfafa ɓangaren farko na darasin Schulz. A lokacin annobar korona, a 2020, Maninder Kahlon da abokan aikinta a birnin Austin na jihar Texas suka ɗauki mutane 240, mafi yawansu tsofaffi ne da ba sa iya fita daga gida, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi ana kiransu a waya tsawon mako huɗu, rabi ba a kiransu. Masu kiran matasa 16 ne 'yan shekara 17 zuwa 23, waɗanda aka yi wa ɗan gajeren horo a kan sauraro da yin tambaya game da abin da shi wanda aka kira ya kawo da kansa. A kwanaki biyar na farko ana kira kullum, daga nan sai mutum ya zaɓi sau nawa yake so a kira shi a mako, daga biyu zuwa biyar, kuma kiran ba ya daɗewa. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna raguwar kaɗaici, da alamun ciwon damuwa da fargaba, a tsakanin waɗanda ake kira idan aka kwatanta su da sauran. Ki lura da abu biyu. Matasan ba su ba da shawarar lafiya ko ɗaya ba, sauraro kawai suka yi, kuma dattijon ne yake riƙe da linzamin hirar da lokacinta. Sannan abin da aka auna na mako huɗu ne, kuma ya shafi yanayin zuciya da tunani ne. Wannan shi ne yanayin hujjar gaba ɗaya: a kan kaɗaici da walwala tana da kyau, a kan cewa ziyara tana sauke hawan jini ko tana rage kwanciya asibiti kuwa tana da rauni ƙwarai, kuma ban ba ki shawarar ki yi wa hukumar makarantarku ko masu ba da tallafi alkawarin hakan ba.

Inda hujja ta fi ƙarfi, abin mamaki, shi ne a kan ɗaliban kansu. Likitan nan na Amurka Robert Butler ne ya fara ba wa ɗabi'ar raina mutum saboda shekarunsa suna a 1969, kuma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan wannan matsala a 2021 ya ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana ɗauke da irin wannan raini ga tsofaffi. Rahoton ya ambaci hanyoyi uku da suke rage shi, wato dokoki, da ilimantarwa, da haɗa matasa da tsofaffi. Wani nazari da David Burnes ya jagoranta a 2019, wanda ya haɗa bincike 63, ya gano cewa shirye-shiryen da suka gwama karatu da cuɗanya ta zahiri su ne suka fi sauya ra'ayin matasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga makarantar jinya. Ɗalibin da bai taɓa ganin tsoho ba sai a kan gadon asibiti, sanye da rigar marasa lafiya, a rikice saboda zazzaɓi, zai girma yana zaton haka tsufa yake, kuma shi ne gobe zai ce wa mai ciwon gwiwa "ai shekaru ne" ba tare da ya duba gwiwar ba. Shi kansa dattijon yakan haɗiye wannan ra'ayi ya yarda da shi. Becca Levy ta jami'ar Yale ta nuna a 2002, a binciken da ya shafi mutane 660 a jihar Ohio, cewa waɗanda suke kallon tsufansu da kyakkyawan zato sun rayu kimanin shekara bakwai da rabi fiye da masu mummunan zato.

Amma cuɗanya ba kullum take gyara zato ba, wani lokaci ma ƙara ɓata shi take yi. Gordon Allport ya faɗi tun 1954 cewa haɗuwar rukunoni biyu tana rage ƙyama ne idan suna kan matsayi ɗaya, suna da buri guda, suna aiki tare, kuma hukuma tana mara musu baya. Sharaɗi na farko shi ne yake yi wa shirye-shiryen makarantu wuya, domin ana tura ɗalibi ne da sunan mai taimako, dattijo kuma mai karɓa. Daga nan sai ka ji ɗalibi yana ɗaga murya yana jan kalmomi kamar mai lallashin ƙaramin yaro, yana cewa "mun sha maganinmu yau?" ga mutumin da ya shekara talatin yana shugabantar ma'aikata. Binciken Kristine Williams a gidajen kula da masu cutar mantuwa ya nuna cewa irin wannan magana tana ƙara sa su bijire wa masu kula da su. Maganin wannan shi ne a juya tsarin tun daga tushe. Jami'ar Northwestern da ke Shikago ta fara wani shiri a 1997 wanda yake haɗa ɗaliban likitanci na shekarar farko da mutanen da suke matakin farko na cutar mantuwa, kuma a cikin shirin mai cutar ne ake kira jagora, domin shi ne yake koya wa ɗalibin yadda rayuwa da cutar take. A birnin Deventer na ƙasar Holan kuma akwai gidan tsofaffi mai suna Humanitas da yake ba wasu ɗalibai ɗaki kyauta, su kuma su ba da awa 30 a wata suna zama maƙwabta nagari, ba ma'aikatan jinya ba. Haka nan shirin Experience Corps na Amurka, wanda a cikinsa dattawa ne suke zuwa makarantun firamare suna taimaka wa yara da karatu, binciken da aka yi a kansa a birnin Baltimore, inda suka riƙa yin kimanin awa 15 a mako, ya nuna amfani ga kuzarin dattawan da kaifin tunaninsu. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne an bar dattijo ya zama mai bayarwa. Don haka a takardar da za ku cike wa kowane dattijo, kusa da inda aka rubuta cututtukansa, a buɗe wani gurbi a rubuta abin da ya iya da abin da yake so ya koyar, ko sana'a ce, ko harshe, ko tarihi, ko lissafi, kuma a gaya wa ɗalibi cewa ana sa ran ya dawo da abin da ya koyo.

Game da abin da za a riƙa yi a lokacin ziyara, hira ita ce ginshiƙi, amma tafiya tare tana biye mata. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce manya su samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su ƙara da atisayen ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako domin kauce wa faɗuwa. Faɗuwa ba wasa ba ce: tana kashe mutane kimanin 684,000 a duniya kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Shirin atisaye na Otago, wanda aka ƙirƙira a jami'ar Otago ta ƙasar Nuzilan, ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100 a gwaje-gwajen da aka yi masa, amma ƙwararren mai gashin ƙashi ko ma'aikacin jinya da aka horar ne yake tsara wa kowane mutum nasa. Rabon ɗalibi a nan shi ne rakiya da ƙarfafa gwiwa a kan abin da ƙwararre ya riga ya tsara. Yana kuma iya zagayawa da idonsa ya ga tabarmar da bakinta ya naɗe, ko wayar lantarki da ta ratsa hanya, ko rashin haske a hanyar banɗaki, ko takalmin da ya sule, ya faɗa wa mai gidan da iyalinsa. Idan dattijo yana yawan cewa a maimaita, a tuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura 60 suna da raunin ji mai tsanani, kuma sau da yawa ana ɗauka mutum ya fara rikicewa alhali ji ne ba ya yi. A fuskance shi, a yi magana a sarari ba tare da ihu ba, a kashe rediyo ko talabijin, sannan a sanar da mai kula da shirin domin a duba kunnen. Koya wa dattijo kiran bidiyo ko aika saƙon murya shi ma aiki ne mai daraja, domin shi ne abin da zai rage masa bayan ɗalibin ya tafi.

Kasancewar ɗalibanki na jinya ne yana da haɗarinsa. Za a riƙa kiransu likita, za a miƙo musu ledar magunguna a ce su duba, kuma ɗalibin da ya yi shekara ɗaya a aji yakan ji kunyar cewa bai sani ba. A rubuta musu iyakarsu a fili: ba sa canza magani, ba sa ƙara ko rage shi, ba sa faɗin sunan cuta, ba sa yin allura. Suna iya rubuta jerin duk abin da mutum yake sha, har da na gargajiya da wanda ya saya da kansa, domin ya tafi da shi wurin likitansa, musamman idan magungunan sun kai biyar ko fiye, inda haɗarin karo da juna yake ƙaruwa. Sannan a koya musu abubuwan da ba a jira da su. Karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko sarƙewar magana farat ɗaya, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma asibiti ake nufa nan take. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi haka. Rikicewar tunani da ta zo cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu ba tsufa ba ce, sau da yawa alamar wata cuta ce kamar ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko illar magani. Mai ciwon suga da ya kama gumi da rawar jiki da ruɗewa yana iya zama sugansa ne ya faɗi. Idan kuma dattijo ya ce ya gaji da rayuwa ko yana tunanin kashe kansa, ɗalibi ya saurare shi, kada ya yi masa wa'azi ko ya mayar da maganar wasa, kuma ya sanar da mai kula da shirin a ranar.

Wannan yana kai mu ga maganar amana, wadda take da fuska biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama da suke zaune a cikin al'umma ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, ko na duka, ko na zagi, ko na kuɗi, ko na sakaci. Ke nan a cikin kowane dattawa talatin da za ku ziyarta, da wuya a rasa wanda ɗalibi zai ga wani abu a gidansa da zai dame shi. Dole ya san wanda zai gaya wa, kuma ya san cewa ba aikinsa ba ne ya tunkari iyalin da kansa. Ta ɗaya fuskar kuma dole a kare dattijo daga ɗalibin: a tantance masu shiga, kada ɗalibi ya karɓi kuɗi ko ya ba da rance, kada ya riƙe katin banki ko lambar sirri ko da dattijon ne ya roƙe shi, kada ya sa hannu a wata takarda a matsayin shaida. Hoto kuwa, wanda matasa suke ɗauka ba tare da tunani ba, kada a ɗauka ko a sa a Facebook ko WhatsApp sai da izini bayyananne, kuma ni a ra'ayina gara a hana sa shi gaba ɗaya, saboda mai cutar mantuwa ba zai iya ba da izinin da za a dogara da shi ba, kuma ba a je gidan mutum domin a nuna wa duniya an yi aikin alheri ba. A tambayi dattijo ko ya fi son namiji ko mace, a girmama zaɓinsa, a nemi yardarsa shi da kansa ko da iyalinsa sun riga sun amince. Ɗalibin da yake tari ko mura ya kira a waya, ya ɗage zuwa.

Akwai abin da malamai suke mantawa da shi har sai ya faru: wani daga cikin dattawan zai rasu a tsakiyar shirin. Ga ɗan shekara goma sha tara, wannan yana iya zama rashin farko na wanda ya shaƙu da shi. Ya kamata labarin ya zo masa daga bakin malaminsa, kada ya je ya tarar, kuma a ba shi damar yin ta'aziyya da ɗan hutu kafin a haɗa shi da wani. Zaman tattaunawa na ɗalibai da malami kowane mako biyu shi ne wurin da irin waɗannan abubuwa suke fitowa, kuma a nan ne ziyara take zama karatu.

Wajen auna nasara, ku fara da abu mafi sauƙi, wato ziyara nawa aka yi alkawari kuma nawa aka cika, domin wannan adadi shi kaɗai zai gaya muku fiye da rabin labarin. Akwai gajeren ma'aunin kaɗaici mai tambayoyi uku da aka ciro daga ma'aunin jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda yake tambayar sau nawa mutum yake jin ba shi da abokin zama, sau nawa yake jin an bar shi a baya, da sau nawa yake jin a ware yake. Ana iya yin sa a farko da ƙarshe, amma wanda ba shi ne mai ziyarar ba ya yi tambayar, saboda dattijo mai kara ba zai dubi idon ɗalibin da ya saba da shi ya ce har yanzu yana jin kaɗaici ba. Kuma ku sake yin sa wata uku bayan an gama. Wannan awon na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa, kuma shi ne zai nuna muku ko kun bar mutane a inda kuka same su, ko sama, ko ƙasa.

Shawarata game da tsarin naku ita ce ku faɗaɗa shi daga zango ɗaya zuwa shekarar karatu cikakkiya, ku rage yawan mutanen da za ku fara da su zuwa abin da malami ɗaya zai iya sanin kowa da sunansa, misali dattawa 15 zuwa 20. Ku haɗa kowane dattijo da ɗalibai biyu daga aji daban-daban, ta yadda idan na gaba ya kammala karatu na baya yana nan, shi ma ya jawo sabo ya gabatar da shi da kansa kafin nasa lokacin ya zo. Dattijo ne zai zaɓi rana da lokaci, kuma yana da damar ɗagewa. A ba shi kalandar makaranta a rubuce da manyan haruffa, a nuna masa makonnin jarrabawa da na hutu, a kuma amince da kiran waya na ɗan mintuna a waɗannan makonni. Ranar da ɗalibi zai gama a faɗe ta tun a ziyarar farko, a sake tunatarwa saura wata guda, a yi sallama ta gaskiya, kuma a hana ɗalibai alkawarin "zan riƙa leƙowa" idan sun san ba za su iya ba. A watannin da ke tsakani, a ɗora wa kowane ɗalibi aikin gano aƙalla mutum ɗaya ko wuri ɗaya da dattijon ya yanke hulɗa da shi, tsohon aboki ne, ko ɗan'uwa, ko wata ƙungiya da yake zuwa a da, ya taimaka a sake ƙulla zumuncin tun yana nan, ya kuma rubuta sunan da lambar wayar a cikin rahoton da zai miƙa wa ɗalibin da zai gaje shi.